Tarun da Ya Rasa Mai Shi

Duk wanda ya zauna Tungar Altine, ƙasa da Wara a bakin tafkin Kainji, ya san Hasiya mai banda. Ko bai san fuskarta ba, ya san hayaƙinta. Gajeruwa ce, idanunta kullum jajur saboda murhu, kuma ba ta iya magana a hankali ba. A shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato ta haura hamsin, kuma a shekarar mijinta Zaidu ya rasu. Ya bar mata 'ya'ya maza biyu, da ƙanensa guda, da taru. A cikin huɗun nan tarun ne kaɗai bai taɓa ɗaga mata hankali ba, sai da sauran ukun suka sa masa hannu.

A wani gungu aka haife ta, tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, inda mahaifinta ke noman albasa yana ban-ruwa da ƙwarya. Tana goyon ɗanta na biyu aka toshe kogin. Ma'aikatan hukuma suka zo da jirgi mai inji, suka tara mutane, suka ce madatsar ta kowa ce, wutar da za ta bayar ma ta kowa ce. Ruwa ya ci gungun, ya ci kushewun kakanninta da tsamiyar ƙofar gidansu. Wutar kuma ta bi waya ta nufi birane, Hasiya ta ci gaba da kunna aci-balbal. Ba ta yi gardama da hukuma ba, wa ya tambaye ta ma. Abin da ta ɗauka daga nan kawai shi ne, in ta ji an ce abu na kowa ne, sai ta waiwaya ta duba inda ta ajiye nata.

Tarun kuwa ba sayen sa aka yi ba. Zaidu ne ya saƙa shi da hannunsa, shekara da shekaru, yana ƙarawa duk sanda ya sami zare. Hasiya ce ta ɗaura dalmar da ke nutsar da ƙasansa da ɓawon goran da ke ɗaga samansa, har yatsunta suka yi kanta. Taru ba kamar birgi ba ne da mutum ɗaya zai wurga ya janye. Jirgi ke fita da shi, ya zagaya, ya dawo da igiya biyu gaɓa, daga nan sai hannuwa, hannuwa masu yawa. Daga shi gidan ke ci, daga shi murhun Hasiya ke samun abin ɗorawa.

Al'adar tungar, wadda Zaidu ya tarar ya kuma bari, ita ce duk wanda ya kama igiya ana ja yana da kifin miya. Ba a tambaya ko da ƙarfi ya ja ko riƙewa kawai ya yi. Tsoho mai tari, da bazawara, da matan Kambari da suka kawo itacen sayarwa, kowa sai ya ajiye abin da yake yi ya kama. In taru ya fito, mai shi ya riƙa damƙar ƙananan kifi yana zuba wa kowa. Ba lada ba ne, ba kuma sadaka ba, shi ya sa ba a godiya, ba a kuma jin kunya. Akwai wata tsohuwa, Laraba, da ta yi shekaru tana riƙe wutsiyar igiyar, can baya inda igiya take kwance a ƙasa, kuma ba ta taɓa kwana da miya lami ba.

Da aka yi sadakar arba'in aka zo rabon gado, liman ya ce taru ma dukiya ne, sai a raba. Hasiya tana bayan zana, cikin takaba, ta ɗaga murya yadda har masu wanki a bakin ruwa suka ji.

"Ku raba jirgi in kun iya, ku raba awaki, ku raba rigunanai. Tarun ga dai ba a sa mai wuƙa ina da rai. Taru in anka yanka shi ya zama tsumma."

Aka bar shi a dunƙule, kowa da rabonsa a ciki. Abin da take so ke nan a duniya: tarun ya zauna ɗaya, a gidan, yana shiga ruwa yana fita. Ba ta san wata ƙofar ta buɗe ba, domin abin da ba a raba ba dole a sami mai juya shi, masu son juyawa kuwa har uku gare ta.

Anas, ɗan fari, wanda ba ta kiran sunansa sai dai ta ce Babba, falke ne, yana bin motocin busasshen kifi daga Yelwa zuwa Onica. Ya ga yadda kuɗi ke haihuwa a kudu, ya dawo yana ganin tungar duk barci take yi. Ismail malamin firamare ne a Wara. Ya yi kwaleji a Sakkwato, ya dawo da tabarau da wata ɗabi'a ta ɗaga yatsa kafin ya yi magana. Sai Bappa Idi, ƙanen marigayi. Shi ya yi lebura a ginin madatsar, daga nan ya wuce masaƙa a Kaduna inda ya shiga ƙungiyar ƙwadago har wuya. Da aka rage ma'aikata ya dawo gida da jar hula da rediyo, ba mata ba jirgi. Tun lokacin a kwanon Hasiya yake ci, safe da yamma, yana ci yana bayanin yadda za a kawar da masu cin gumin wasu.

Tsautsayi ya sa inuwar da suke zama bayan la'asar tana jikin rumfar bandarta, saboda haka ko tana so ko ba ta so sai ta yi karatun. Bappa ne malamin. Yakan wanke hannu, ya gyara jar hula, ya fara.

"Hanya ukku duniya ka rigima a kai. Jari-hujja shi na: mai taru shi ad da kihi, wanda yaj ja igiya sai abin da anka yanka mai. Gurguzu kau, tarun na jama'a na, hukuma ko ƙungiya ka riƙe shi, kowa shi samu gwargwadon aikinai. Kwaminisanci shi na ƙarshen tahiya. Babu mai taru, babu mai jirgi, kowa shi yi abin da yaka iyawa, shi ɗauki abin da yaka bukata."

"Watau mai barci da mai nutso rabonsu ɗaya," in ji Anas. "Wa za shi wahala shi saƙa wani taru in ya san ba nashi na ba? Baba ya yi shekaru shina ja, ko kwanon rufi bai bari ba."

Ismail ya ɗaga yatsa. Shi a tsakiya yake, a cewarsa. Bai yarda mutum ɗaya ya kwashe kifin da hannu da yawa suka jawo ba, bai kuma yarda a kira malalaci a cika masa kwano ba. Gurguzu ne daidai, amma da tsari, da shugabanni, da taro.

"Idi," Hasiya ta ce daga cikin hayaƙi, "su mutanen ga naka, suna salla?"

"Tsarin tattalin arziki muka magana, matar yaya, ba tauhidi ba."

"To matsa min da ƙahwa, ka taka min itace."

A ƙarshen shekarar rediyon Bappa da kanta ta ba da labarin Tarayyar Sobiyet ta wargaje. Anas ya yi dariya har ya kwanta a tabarma. Bappa ya ƙi cin abinci, ya riƙe fushin tun safe har azahar, sa'an nan ya jawo kwano ya ce mutanen can ba su yi abin daidai ba ne, da an yi shi yadda ya kamata da ba haka ba. Hasiya ta ɗauka an gama ke nan, tunda masu abin ma sun ajiye. Ina, ashe yanzu aka fara.

Babba shi ne babba, shi ya fara karɓar tarun. Ya ɗauko samari majiya ƙarfi daga Yelwa ya yanka musu lada. Ranar farko mutanen tunga suka taso kamar kullum za su kama igiya, sai ya tsaya gabansu ya ware hannu.

"Daga yau an daina. Ina da ma'aikata, na biya su. Wanda ka son kihi shi zo da kuɗɗinai."

Laraba ta riga ta ɗauki wutsiyar igiyar. Ta dube shi, ta dubi igiyar, ta ajiye ta a hankali kamar mai kwantar da jariri, ta ɗauki ƙwaryarta ta juya. Sauran suka bi ta.

Nan ɗaya rabin al'adar ya shigo, wanda Anas ya sani sarai ya yi kamar ya manta. A bakin ruwan nan, in mai taru ya kore ka daga igiyarsa, ba ka sake taɓa ta sai shi mai tarun ya kira ka da bakinsa, ya ambaci sunanka. Wanda ya koma ba kira ya zama makwaɗaici, har jikokinsa sai an yi musu gori a wurin rigima. Hasiya ta ji abin da ya faru, ranta ya yi baƙi, amma ɗan fari ne, ba ta iya tsayawa gaba da gaba da shi. Itacen murhu ne ya sha zagin da ya kamata Anas ya sha.

Gaskiya dai a faɗe ta, tarun ya yi aiki a hannun Anas yadda bai taɓa yi ba. Yana shiga ruwa da safe, ya sake shiga da yamma. An sayi sabuwar igiya. An rufa wa ɗakin Hasiya kwano, abin da Zaidu ya yi ta alkawari har ya mutu. Sai dai kifin ba ya hawowa gida. A bakin ruwa dillalan Yelwa ke kwashe shi ɗanye, murhun banda ya yi sanyi har kaji suna kwana a ciki. In ta yi ƙorafi ta hannun Ismail, amsar da ke dawowa ita ce, "A ce wa Inna ta huta." Matar da ta yi shekara talatin tana juya kifi a kan wuta, a ce ta huta ta yi me, ta ƙirga kwanon rufi? Matan maƙwabta da ke shigowa ɗiban wuta suka rage shigowa. Gaisuwa ta gajarce, daga lafiya lau sai a wuce.

Ismail kuma yana ta ƙirga laifin wansa, kuma ba duka ne ƙarya ba. Samarin nan hannuwansu sun tsage, suna ja sau biyu a rana a kan ladan da bai kai ya kawo ba, wanda ya yi zazzaɓi a sallame shi. Gab da faɗuwar damina Anas ya bi mota zuwa Onica. Motar ba ta wuce Kontagora ba Ismail ya durƙusa gaban uwarsa, Bappa yana tsaye bayansa kamar mai rakiyar neman aure.

"Inna, ki ba mu izini mu gyara abin nan kafin ya dawo."

Da ta yi tunani, da ta tambaye su wane irin gyara. Amma haushin murhunta ya rufe mata ido.

"In kihi za shi dawo murhuna, ku yi abin da kunka ga dama."

Wannan maganar ce ta fi ci mata rai daga baya, domin da bakinta ta faɗe ta, ba wanda ya matsa mata.

Abu na farko da Ismail ya yi shi ne ya tara samarin Yelwa ya shaida musu ya 'yantar da su daga bauta. Suka tambaye shi wa zai ciyar da su gobe. Ya yi musu bayani mai tsawo, suka saurara har ƙarshe, suka naɗe tabarminsu suka tafi suna tsine masa. Daga nan ya kafa ƙungiya da wasu masunta kaɗan marasa taru. Aka yi taro aka zaɓi shugaba, Ismail ne. Aka yi taro a kan wanda zai tuƙa jirgi. Aka yi taro a kan yadda za a auna aiki, aka tsayar cewa na gaban igiya, da ke cikin ruwa har ƙugu, ya fi na tsakiya rabo, na tsakiya ya fi na baya. Kifi ya dawo murhun Hasiya, ba laifi, sai dai yakan iso ya fara wari, domin sai an gama gardamar wa ya fi wa ja sa'an nan a raba.

Mutanen tunga kuwa ba su dawo igiya ba. Ismail ya sa an yi shela cewa ƙofar ƙungiya a buɗe take. Laraba ta aiko a tambaya ko ya ambaci sunanta. Ya ce ƙungiya ba ta kiran mutum ɗaya ɗaya, kira ne na kowa da kowa. Da aka kai mata amsar ta ce to, a gaishe shi. Shi a ganinsa rashin wayewa ne ke damun su, ya ce da sannu za su fahimta. Hasiya ta san ba haka ba ne, amma kifi na kan wuta, ba ta da lokacin wayar da malamin makaranta. Ta ce a ranta in Babba ya dawo sa daidaita. Nan ita ma ta yi sakaci.

Bappa kuwa haƙurinsa ya ƙare. Ya ce Ismail ya tsaya rabin hanya, shugaban ƙungiya ai mai taru ne da ya sake riga. Wata safiya, bayan jirgi ya zagaya da taru an kawo igiyoyi gaɓa, ya hau kan wani kifaffen kwale-kwale da jar hularsa ya yi jawabin da ya yi shekaru yana tanadi. Ya ce daga yau tarun Zaidu ba shi da mai shi. Ba na Anas ba ne, ba na ƙungiya ba ne. Wanda ya ja da wanda bai ja ba, kowa ya zo da kwanonsa ya ɗebi bukatarsa.

'Yan ƙungiya suka saki igiya suka yo kansa. Ta yaya su da ke cikin ruwa har ƙugu za su yi daidai da wanda ke zaune a inuwa? Ismail ya ɗaga yatsa ya ce a yi taron gaggawa. Labari ya shiga tunga, mutane suka fito, wasu da kwano, wasu don kallo, suka jeru a kan tudu. Taru yana cikin ruwa, igiyoyi suna kwance a yashi.

A wannan lokacin na shekara ruwan tafki yana ƙasa, itatuwan da madatsa ta nutsar tun da daɗewa suna kusa da sama, baƙaƙe, masu kaifi. Taru in an ja shi da sauri ba ya kai wa gare su. Amma hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso, ta fara tura tarun a hankali zuwa wajen kututturan. Kowa ya gani, har yara sun gani. 'Yan ƙungiya suka koma suka kama, amma su nawa ne, igiya biyu ga iska ga nauyin kifi. Ismail ya juya wajen tudu yana ɗaga hannuwa.

"Jama'a, ku kama mana. Ku taimaka, na kowa ne."

Wani dattijo da Anas ya kora ranar farko ya matso taki biyu, ya tsaya, ya goya hannuwansa a baya.

"Malam Sama'ila, wa ad da tarun?"

"Na ƙungiya ne."

"Babu mai shi," in ji Bappa daga kan kwale-kwale.

"To wa ka kiran mu?" dattijon ya tambaya.

Tsakani da Allah yake tambaya, ba don izgili ba. Mai taru ne ya kore su, mai taru ne zai kira su, ga shi an ce musu ƙungiya ce, an kuma ce babu kowa. Ƙungiya ba ta da baki, babu kowa kuma ba ya kira. Manya da gemunsu suka tsaya suna kallon tarun da suka ci shekaru suna ja yana tafiya wajen halaka, hannuwansu na ƙaiƙayi, wani har yana ciza leɓe, amma ba mai son ya zama na farkon da za a ce ya koma ba kira. Wallahi in ka rasa wanda za ka fara mari a cikinsu, da masu taron da masu kallon, ba laifinka ba ne.

Laraba ce ta ja ƙafa ta hau har rumfar banda. Ta tarar da Hasiya tana kwashe kifi daga rana saboda hadari.

"Hasiya, tarunku za shi kututture."

"To mi mutane ka jira?"

"Mai taru."

"Mai taru shina ƙasa, Laraba, ke ma kin zo makokinai."

"Ke fa? Wa yaɗ ɗaura dalmatai?"

Hasiya ta tsaya da faifai a hannu. Shekara talatin tana cewa tarun Zaidu, bayan nan ta ce tarun gidan, bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa bakinta ma baki ne a kan igiyar nan. Ta yar da faifan, ta ɗaure zane, ta gangara da gudun da ba ta yi irinsa ba tun tana budurwa a gungu. Ba ta dubi Ismail ba, ba ta dubi Bappa ba. Ta tsaya tsakanin igiyoyin biyu ta buɗe muryar nan tata, ta fara kiran suna. Ta kira dattijon, ta kira 'ya'yansa, ta kira matan Kambari da sunayensu, ta kira Laraba da ke baya tana haki. Duk wanda ya ji sunansa sai ya yar da kwano ya sheƙo. Kafin a ce haka igiyoyin sun cika, har da waɗanda ba ta kai ga kira ba, tunda dai an ji mai taru ta yi magana.

Suka ja, ruwan sama ya sauko, suka ci gaba da ja. Igiya ta zo, ta zo, sai ta tsaya cak. Masu nutso biyu suka faɗa ruwa, suka dawo suka ce cikin tarun ya naɗe kututture kamar rawani, ga igiyar ruwa ba ta bari a kwance. Aka sassauta, aka sake ja. Sai aka ji nauyin ya tafi gaba ɗaya, na gaba suka zube kan na baya. Abin da ya fito gaɓa fukafukai biyu ne, dogaye, a yage. Tsakiyar tarun, inda kifi ke taruwa, wurin da Zaidu ya fara saƙawa tun suna amarci, ya zauna a ƙasan tafki. Hasiya ta zauna a yashi cikin ruwan sama, ta jawo bakin yagar kan cinyarta tana dubawa. Ba ta yi kuka ba a nan, sai da ta shiga ɗaki.

Da Anas ya dawo daga Onica, aka koma inuwar rumfa. Shi ya ce gurguzu ne ya ci tarun, da samarinsa na nan da an fito da shi kafin iska. Ismail ya ce jari-hujja ne, da ba a kori mutane ba da hannu bai yi ƙaranci ba, kuma tsarinsa yana tafiya daidai har sai da aka yi masa kutse. Bappa ya ce jama'a ne ba su kai matakin ba tukuna. Kowannensu yana da 'yar gaskiyarsa, abin da ya fi ba ta haushi ke nan, domin da ɗaya ne mai laifin da ta san wanda za ta hana tuwo. Kwana da kwanaki suna yi, fukafukan tarun na jibge a gefensu, ɓeraye sun fara shiga. Ba wanda ya ɗauki zare. Anas yana cewa a sayar da dalmar tun tana da daraja, Ismail yana cewa a kira taro a kan gyara.

Hasiya ta yi ta dubawa tana aunawa a ranta. Saƙa sabon ciki aikin shekaru ne, yana son mutum mai zama wuri ɗaya da bakinsa a rufe, kuma irin wannan mutumin guda ɗaya gidan ya taɓa yi. In ta bar shi a jibge, ɓera zai raba musu shi, ko Babba ya kwance dalmar a bayan idonta. Ran wata Juma'a bayan an sauko, ta aika a kira liman.

Aka shimfiɗa fukafukan a kan yashi, liman ya ware hannuwa ya auna gaba-gaba, ya nuna inda rabon kowa ya tsaya: tumunin Hasiya na matar mamaci, sai na Anas, sai na Ismail. Anas ya zaro wuƙa, ta miƙa hannu ba tare da ta dube shi ba, ya ba ta. Ta ce ita ta san ƙullin, ita za ta yanka. Ismail ya ɗaga yatsa zai yi magana, ya ga fuskarta, ya sauke yatsansa.

Bappa ba shi da gado a ciki, 'ya'ya maza sun tare shi. Yana tsaye gefe, ba hula, yana kallon saƙar ɗan'uwansa. Taru ba ya yankuwa in ba a miƙe yake ba, 'ya'yan kuma sun tsaya kamar an dasa su. Shi ne ya durƙusa ya kama ɗaya gefen. Hawaye na bin gemunsa, bai ja da ƙarfi ba, zaren yana ta yin lako-lako.

Hasiya ta ɗora wuƙar a kan ƙullin farko, ta ɗago ta dube shi.

"Ja da kyau, Idi, kada in yanke a karkace."